Babur da Iskar Gabas: Jan Hankali ga 'Yan Uwa Mazauna Birane



Da kwamitin shirya taro ya nemi in yi jawabi, an zaci zan koma kan rufin azuzuwa da ƙarancin malamai kamar yadda na saba. Bana na zaɓi wani batu dabam, wato hawan babur cikin iska mai ƙarfi. Wataƙila wani ya ce me ya haɗa mazaunin birni mai mota da wannan magana? Abin da ya haɗa ku shi ne, yawancin baburan da ke yawo a ƙauyukanmu da kuɗinku aka saye su. Tun da aka hana acaɓa a tsakiyar Abuja a 2006, aka kuma hana ta a birnin Kano a 2013, samarinmu da dama suka dawo gida da sana'ar, ku kuwa kuka dinga saya wa ƙannenku Bajaj da Jincheng don su sami abin yi. Wannan zumunci ne, Allah ya saka da alheri. Sai dai makulli kawai ake miƙa wa yaro, ba a gaya masa abin da zai tarar a fili.

Ni kaina da jikina na koyi wannan karatu. Farkon zamana hedimasta, na je ofishin ilimi na karɓo allon katako na aji ɗaya, na ɗaure shi a tsaye a bayan Hondata. Watan Mayu ne, gabas ta yi baƙi, amma na ce ai zan riga ruwa isa gida. Muddin ina cikin gari, gidaje sun kare ni. Ina fita fili sai iska ta bugi allon nan, ta kwashe ni da babur ta zubar a gonar wani bawan Allah. Wata biyu ina rubutu da hannun hagu, yara suna dariya a ɓoye. Da Hausawa suka ce iska na wahalar da mai kayan kara, ba su san da mai kayan allo ba.

Ku ba ni dama in ɗan yi lissafi, tun da tsohon malami ba ya rabuwa da alli. Ƙarfin da iska ke bugun mutum da shi ba daidai da gudunta yake ƙaruwa ba. In gudun ya ninka biyu, bugun ninkawa huɗu yake yi. Mai tafiyar kilomita 60 a awa, in ya fuskanci iska mai gudun kilomita 40, jikinsa na karɓar iskar kilomita 100, bugun kuwa ya kusa ninki uku na wanda zai ji a ranar da babu iska. Wannan ta gaba ke nan, wadda gajiyarwa kawai take yi. Mai kayarwa ita ce ta gefe, domin babur ƙafa biyu gare shi, nauyinsa bai fi kilo ɗari da 'yan kai ba, kuma duk abin da aka ɗora masa mai faɗi, katifa ce ko kwanon rufi ko zana ko jarkoki marasa kome, ya ba iska wurin kamawa.

Iskar hunturu da ke zuwa daga arewa maso gabas, illarta hazo ne da ƙura a ido. Mai babur ya kunna fitila ko da rana, ya rage gudu. Guguwar bazara kuma ana hango ta, a tsaya ta wuce. Wadda nake tsoro ita ce iskar da ke share wa hadari hanya daga Afrilu zuwa Yuni. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, iskarsa kuwa tana riga ruwa isowa, ɗauke da jar ƙura, wani lokaci ma holoƙo ne ba ruwa ko ɗigo. Ba ta kaɗawa bai ɗaya. Bugu take ta saki, ta sake bugu, kuma a wurin sakin nan ne wanda ya karkata ya jingina da ita yake faɗuwa.

In ta riski mutum a hanya, kada ya ƙanƙame kan babur. Hannu ya yi laushi, gwiwoyi su matse tanki, ya ɗan sunkuya, ya karkata kaɗan wajen da take fitowa, ya rage gudu a hankali ba da burki na farat ɗaya ba. Ya yi hattara da inda kariya ke yankewa: ƙarshen gari, kan gada, da lokacin da tirela ta gifta shi. Babbar riga a naɗe ta a zauna a kai. Mayafin mace ko hijabinta a tattare shi tun kafin a tashi, don iska na cusa shi cikin tayar baya. Hula in ta tashi a bar ta. Hular kwano kuwa, wadda hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta sawa daga Janairun 2009, har wasu suka kifa ƙwarya a ka don izgili, mai gilashi ita ce ke tsare ido daga tsakuwa.

Duk wannan dabarar isa mafaka ce, ba ta ci gaba da tafiya ba. Mafakar ma a zaɓa: ba gindin darbejiya ba, mai saurin karyewar reshe, ba ƙarƙashin wayar lantarki ba, ba kusa da rumfar kwano ba. A nemi gini mai ƙwari a fake ta yammacinsa. Sau da yawa ƙarfinta ba ya daɗewa.

To, me ke hana yaranmu tsayawa? Na tambayi da dama daga cikin tsofaffin ɗalibaina, amsar ɗaya ce: balas. Mai babur yana birni ya yanka abin da za a kawo masa kullum, ko an yi iska ko ba a yi ba. Kuma lokacin da hadari ya haɗu ne fasinja ke rububin komawa gida daga kasuwa, kuɗin hawa ya tashi. Yaron da ake bi balas ɗin jiya ba zai faka yana kallon wannan kuɗi ba. Mu da muke zaune a gida mu ke kai su wurin mai ɗori, ku sai dai a buga muku waya.

Don haka ina roƙon duk wanda ke da babur a hannun wani yaro a garin nan, kafin ya koma birni ya kira shi ya faɗa masa da bakinsa cewa ranar da hadari ya tsayar da shi, an yafe balas ɗin ranar. Ina kuma roƙon shugabannin ƙungiya su sa sayen hulunan kwano masu gilashi cikin kasafin bana, a raba kafin watan Afrilu.