Rabin Kashi Ɗaya Cikin Ɗari

Ƙungiyar masana fiziks ta Amurka, wadda aka kafa a 1899 domin masu nazarin motsi da haske da makamashi, ba ta ɗaga fiye da rabin kashi ɗaya cikin ɗari na mambobinta a shekara zuwa matsayin felo, wato girmamawar da ake yi wa wanda aikinsa ya yi fice. Sai abokan aiki sun gabatar da sunan masani tare da wasiƙun shaida, kwamitin fanninsa ya tace, sannan majalisar ƙungiyar ta amince. A nan tsarin yake da rauni, domin mai bincike a ƙaramar jami'a, komai nagartarsa, yakan rasa mai tunawa da shi. Ya kamata manyan malamai su riƙa leƙawa bayan da'irar waɗanda suka sani.