Matan Tsohuwar Birtaniya a Hannun Marubutan Ƙagaggun Labarai



An nemi in yi magana a kan ƙagaggun labaran da ake ginawa bisa tarihin tsohuwar Birtaniya, musamman yadda suke nuna mata. Zan fara da zamanin kansa.

Wajen shekarar 410 miladiyya mulkin Rumawa ya ƙare a tsibirin. 'Yan ƙasa, wato kakannin mutanen Wales na yau, suka rabu ƙananan masarautu, yayin da ƙabilun Angul da Sakson suke ta ƙetarowa daga nahiyar Turai. Rubutun da ya saura daga wancan lokaci bai taka kara ya karya ba. Mafi shahara shi ne wa'azin wani malamin Kirista, Gildas, a ƙarni na 6. Ya ambaci yaƙin Badon, wanda daga baya aka danganta da jarumin almara Arthur, amma ko sau ɗaya bai kira sunan Arthur ba. Sai wajen 830 wani littafin tarihi ya jingina wa Arthur yaƙe-yaƙe 12, sannan wajen 1138 Geoffrey na Monmouth ya mayar da shi gagarumin sarki. Ke nan almara ta daɗe tana cike gurbin da tarihi ya bari.

Idan haka maza suka kasance, ina ga mata? Masu alƙalami a lokacin malaman coci ne, hankalinsu na kan sarakuna da limamai. Duk da haka wasu matan sun bayyana. A waƙoƙin Wales na wajen ƙarni na 9 akwai Heledd, wadda take kukan ɗan'uwanta Cynddylan, sarki a Powys, bayan an kashe shi an mayar da fadarsa kango. Masana ba su daidaita a kan ko ta taɓa rayuwa ba, amma a bakinta aka sa tunawa da masarauta guda. A ɓangaren Angul kuwa akwai Hild, wadda ta rayu daga 614 zuwa 680. Ita ta shugabanci gidan ibada na Whitby, inda aka yi babban taron coci na 664. Wani malamin coci, Bede, wanda ya kammala tarihinsa a 731, ya shaida cewa sarakuna kan zo neman shawararta, kuma biyar daga almajiran gidanta sun zama bishop-bishop.

Nan ne marubuta ke samun ƙofa. Bede ya ce Hild ta yi shekara 33 kafin ta shiga rayuwar ibada, amma kusan bai faɗi komai game da su ba. Waɗannan shekaru Nicola Griffith ta ɗauka ta gina littafinta mai suna Hild a 2013, ta cika su da saƙa, noma, harsuna da makircin fada. Tun kafin ita, Marion Zimmer Bradley ta sake ba da labarin Arthur daga bakin matan da ke kewaye da shi, a The Mists of Avalon. Sai dai addinin bautar uwa-allahiya da ta zana ya fi kama da tunanin Amurka na ƙarni na 20 fiye da Birtaniya ta ƙarni na 6.

Abin da nake so mu riƙe shi ne, marubuci na da ikon ƙagawa inda tarihi ya yi shiru, amma ba shi da ikon sauya wa zamani halinsa. Sau da yawa akan ɗauka mace ba ta zama jaruma sai an ɗanƙa mata takobi. Gaskiya ne Aethelflaed, 'yar Sarki Alfred, ta mulki masarautar Mercia daga 911 zuwa 918, ta gina garuruwa masu ganuwa, dakarunta suka ƙwace garin Derby daga hannun mayaƙan Viking a 917. Amma irinta ɗaiɗaiku ne. Ƙarfin yawancin mata yana cikin shawara, auren sulhu tsakanin gidajen sarauta, riƙon dukiya da tarbiyyar magada. Littafin da ya nuna wannan ya fi girmama su.

Don haka ɗalibai, ku karanta waɗannan littattafai, ku more su, amma kada ku kafa hujja da su a tarihi sai kun koma ga Gildas da Bede.