Jawabi Kan Filin Keke da Aka Gina da Gayya a Amurka

Iyayenmu dattawa, ƴan'uwanmu mazauna birni, mun gode da kuka ba mu wannan dama. Yau mun kawo muku labarin wata gayya da aka yi nesa, a birnin Siyatil na ƙasar Amurka.

Can akwai masu wasa da keke mai kaurin taya, wanda ake hawa tudu da gangare da shi cikin daji. Da hukuma ta soma rufe musu hanyoyin daji, sai suka kafa ƙungiya a shekara ta 1989. Yau sunanta Evergreen Mountain Bike Alliance.

Ba su soma da babban fili ba. Ƙarƙashin gadar babbar hanyar mota mai lamba 5, cikin birni, akwai wani wuri da ya zama juji. Nan aka ba su abin da bai cika hekta 1 ba. Ma'aikata da ƴan lakwal suka riƙa zuwa ranakun hutu da felu da diga, ba mai biyansu ko dala. Gada ta tare ruwan sama, ƙasa ta bushe ta zama gari, sai da suka yi ta jidar duwatsu da katako suna daɓe hanya. A 2007 aka buɗe kashi na farko, a 2008 na biyu.

Hukuma ta ga aiki da idonta. Saboda haka hukumar yankin King ta yarda su yi aiki a dajin Duthie Hill, gabas da birni, kusa da garin Isakwa, fili mai hekta kusan 50. Aka buɗe shi a 2010. Sun raba hanyoyin kamar azuzuwan lakwal: alama kore ta ƴan koyo, shuɗi ta masu ɗan ƙwarewa, baƙi ta gwanaye. Yankin ruwan sama ne, don haka suka karkata hanya suka yi mata magudanai, kada ruwa ya cinye ta. Bayan buki ma ba a watse ba, ana komawa gyara.

Ƴan'uwa, mu da muka gaji gayya wurin kakanni, abin lura ke nan: ƙaramin aikin da suka ƙare shi ya jawo musu babban fili. Kafin mu nemi babba wurin hukuma, mu nuna mata ƙaramin da muka gama kuma muke kula da shi.

Allah ya ba mu haɗin kai.