Cocin Katolika, gidajen mari da rufin asirin unguwa

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda data ba ta ishe su saurare ba.

Duk lokacin da BBC Hausa ko DW suka saka labarin wani limamin cocin Katolika da aka kama da lalata da yara, ku leƙa ƙasan labarin ku ga abin da matasanmu suke rubutawa. Dariya ce da "Allah Ya ƙara tona musu asiri", wani ma har ya ce ai dama wanda aka hana aure me ake jira ya yi. To ni yau so nake mu ajiye dariyar tukunna, mu duba me ya faru a can, don in ka bi labarin da kyau za ka ji kamar a layinku aka yi shi.

A farkon 2002 jaridar Boston Globe ta Amurka ta fara buga wani bincike. Abin da ya girgiza mutane ya wuce a ce an samu limami ɓata-gari, wannan kowace al'umma tana da irinsa. Abin da aka gano shi ne manyan cocin sun sani. Uwa za ta kai ƙara, a rarrashe ta, wani lokaci a biya kuɗi a sa ta alƙawarin yin shiru, shi kuma limamin a ɗauke shi a kai shi wata majami'ar inda ba a san shi ba, a sake damƙa masa yara. Kafin shekarar ta ƙare, shugaban cocin na Boston, Kadinal Bernard Law, ya ajiye muƙami. Daga nan abin ya yi ta fitowa ƙasa bayan ƙasa. A 2018 wani binciken kotu a jihar Pensilbaniya ya lissafo limamai sama da 300 da yara sama da 1,000. A 2021 wani kwamiti mai zaman kansa a Faransa ya ƙiyasta cewa yara kusan 216,000 ne malaman cocin suka ci wa zarafi tun daga 1950. Dubu ɗari biyu da sha shida fa.

Yanzu ga inda na fi so mu tsaya: su mabiyan me suka yi? Da farko irin namu suka yi. Cewa suka yi maƙiya addini ne, 'yan jarida ne ke son ɓata coci, wa ya isa ya zargi bawan Allah. Sai da takardu suka yi ta fitowa sannan hankali ya juya, kuma fushin nasu ya fi sauka a kan waɗanda suka rufe zancen. A Ailan, da Fafaroma John Paul na biyu ya je a 1979, mutum sama da miliyan ɗaya suka taru a fili guda a Dublin. Da Fafaroma Francis ya je wannan filin a 2018, taron ko kusa da haka bai kai ba. A Jamus, inda ake rajistar ficewa daga coci a hukumance, sama da mutum 500,000 suka fita a 2022 kaɗai. Wasu kuma ba su fita ba, sun zauna a ciki suna matsa lamba. Matsin nan ne ya sa a Fabrairun 2019 Fafaroma Francis ya tara shugabannin bishop-bishop na duniya a Vatican kan wannan magana kawai, a Disambar shekarar kuma ya cire dokar sirrin fadar daga irin waɗannan shari'o'i. Da yawa daga waɗanda abin ya shafa har yau suna cewa gyaran bai isa ba, ni ma ina ganin suna da gaskiya. Amma dai an kai matakin da bishop ba zai ɓoye abu ya kwana da kwanciyar hankali ba.

Kafin wani ya ce min ai matsalar rashin aure ce: Malam, mu nan muna aure har huɗu. Je ka kotunan da ke Court Road nan Gyaɗi-Gyaɗi ka zauna yini guda, ka ga ko waɗanda ake gurfanarwa kan fyaɗen yara duk gwauraye ne.

Mu dawo gida. A Satumbar 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa, Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, da yawansu yara, wasu da mari a ƙafa, wasu suna ba da labarin yadda aka yi lalata da su. Wata mai zuwa aka bankaɗo irinsa a Daura da cikin Katsina da Zariya, gwamnatin Kano ita ma ta ba da umarnin rufe gidajen mari. Ku tuna abin da aka riƙa faɗa a majalisu a lokacin. Wasu sun ji zafin abin. Amma wasu cewa suka yi makirci ne na rusa karatun allo. Kalma ɗaya da ta mutanen Boston, coci kawai aka cire aka saka tsangaya. Kuma gidajen nan ba a daji suke ba. Maƙwabta suna jin ihu. Iyaye da ƙafarsu suka kai yaran, suna biyan kuɗi.

Wanda ya fi damuna ma shi ne ƙaramin da ba ya zuwa rediyo. A wata unguwa nan cikin Tarauni, ba zan faɗi layin ba balle makarantar, an samu wani malamin Islamiyyar dare da ake zargi da taɓa yarinya 'yar shekara tara. Kwamitin makaranta ya zauna, dattawa suka zauna. Aka ce wa uban, Alhaji, ka yi haƙuri, 'yarka mace ce, gobe wa zai aure ta in zance ya fita. Aka sallami malamin cikin dare, babu takarda, babu 'yan sanda. Da muka bi sawu, bayan 'yan watanni yana koyarwa a wata unguwar. Na tambayi ɗaya daga dattawan, na ce Baba, su yaran can ɗin fa? Ya ce min, ɗana, mu dai mun raba shi da namu. Ku gaya min bambancin wannan da abin da bishop ɗin Boston ya yi.

Rufin asiri abu ne mai kyau a addininmu, ban musa ba. Amma malamai sun bambanta laifin da mutum ya yi tsakaninsa da Ubangijinsa da wanda akwai haƙƙin wani a ciki, balle wanda in an yi shiru zai ci gaba da cutar da wasu. A nan asirin wa aka rufa? Yarinyar ta daina zuwa makaranta, unguwa kuma duk an sani, ana nuna ta da baki. Wanda aka rufa wa asiri shi ne malamin, da sunan makarantar.

Doka kam akwai ta. Najeriya tana da dokar haƙƙin yara tun 2003, Kano ta ɗauki shekara 20 kafin ta sa hannu a tata dokar kare yara a Mayun 2023. Amma doka ba ta san abin da aka binne a zauren mai unguwa ba.

Saboda haka ga abin da nake roƙo, musamman ku matasa da kuke cikin kwamitocin Islamiyyu da masu koyar da darasin yamma. In yaro ya faɗa muku wani abu, kada ku fara da "ka tabbata?" ko ku tara shi da wanda yake zargi a ɗaki guda. A kai shi asibiti da wuri, cikin awa 72, domin maganin kariya daga cutar HIV a cikin wannan lokacin yake aiki. Kada a wanke kayan da ke jikinsa. Akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala da aka buɗe don irin wannan, ga asibitin Malam Aminu Kano nan kusa da mu a titin Zariya. Sannan a kai rahoto ga 'yan sanda ko NAPTIP. Kuma don Allah kada a saka hoton yaron ko sunansa a Facebook ko TikTok wai ana nema masa adalci, hoton zai bi shi har girmansa.

Ga masu makarantu kuma tambaya ɗaya: malamin da kuka ɗauka bana, kun kira inda ya baro kun ji dalilin barinsa? A kwamitinku ku kawo shawarar a riƙa yi, kuma a daina barin malami da ɗalibi ɗaya a aji bayan an tashi, ko malamin waye.

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu zauna da wata lauya ta bayyana mana yadda shari'ar fyaɗe take tafiya daga caji ofis zuwa babbar kotu, da inda iyaye suka fi gajiya su janye. Mai tambaya ya turo ta saƙon sirri, ba za mu ambaci suna ba. Sai mun haɗu.