Ƙafar Direba Ce Ke Shan Mai: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Wata-Wata na 'Yan Ƙungiya a Minna

An umurce ni in ce wani abu game da tuƙi da tattalin mai. Ni ba injiniya ba ne, tsohon direba ne wanda ya fara da yaron mota, saboda haka abin da na gani a kan hanya da abin da na koya wurin masana shi zan faɗa maku.

Kowa a nan ya san abin da ya faru ranar 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haye naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta taɓa zarce naira 1,000. Tun daga nan direba kan wuni yana zirga-zirga tsakanin Bosso da Chanchaga, in ya cire kuɗin mai da balas ɗin mai mota, abin da ya rage ko cefane ba ya yi. Farashi dai ba a hannunmu yake ba. Amma yawan man da mota ke sha, wani kaso nasa a ƙafarmu yake.

Abu na farko shi ne totur da birki. Ku tsaya wata rana a shataletalen Mobil ko na Kpakungu ku kalli yadda muke yi. Mutum ya taka wuta kamar an biyo shi, bai yi taku hamsin ba ya danne birki don ya hango fasinja. To, ku sani duk gudun da ka kashe da birki, mai ka ƙona ka same shi, ka zubar. Direban ƙwarai yana kallon nesa. In ya hango cunkoso ko rami, sai ya ɗaga ƙafa tun da wuri, mota ta rage gudu da kanta. In zai tashi, ya tashi a hankali, ya sauya giya a kan lokaci, ba sai inji ya yi ta kururuwa a lamba biyu ba.

Abu na biyu, gudu a babbar hanya. 'Yan'uwa masu zuwa Suleja da Bida da Kontagora, wannan taku ce. Iska tana tokare mota, kuma in ka ninka gudunka sau biyu, tokarewar iskar ninki huɗu take yi. Shi ya sa mai tafiya a kan 80 ya kan isa da sauran mai a tanki, mai 120 kuwa sai ya ratse gidan mai. Tsakanin Minna da Suleja wajen kilomita 100 ne, ga ramuka, ga manyan motoci. Minti nawa za ka ci riba? Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ƙayyade kilomita 50 a awa cikin gari. Dokar da ke kare rai, ita ce dai ke kare aljihu. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana.

Na uku, barin mota a kunne. A tasha za ka ga an bar inji yana aiki ana jiran lodi, wai don fasinja ya ɗauka yanzu za a tashi. Da safe kuma a bar ta rabin awa wai tana ɗumi. Wannan ɗabi'ar zamanin kafireto ce. Motocin yanzu masu injekta ba sa bukatar haka. Ka tayar, ka jira kaɗan baƙin mai ya zagaya, ka kama hanya a hankali. In tsayuwarka za ta wuce minti ɗaya, kashe ta ya fi.

Amma fa a nan zan ja kunne. Akwai masu kashe inji ko su sa mota a firi in sun zo gangara, wai suna tattali. Wallahi wannan ganganci ne. In inji ya mutu, birki ya kan yi tauri, sitiyari ya yi nauyi. Ni da kaina na taɓa yin haka ina matashi, da fasinja cike da mota, sai ga shanu sun fito kan titi. Da ƙyar na tsaya, kuma tun ranar ban sake ba. Ƙari a kan haka, mota mai injekta in tana cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur, ita da kanta take yanke mai. Ashe ka ga ba riba, sai kasada.

Na huɗu, lafiyar mota. Taya maras isasshiyar iska jan mota take yi baya, ga saurin cinyewa. Ka riƙa ratsewa wurin mai faci ana aunawa, da safe kafin taya ta yi zafi. A sauya fulogi da matatar iska da baƙin mai a kan ƙa'ida, musamman lokacin ƙurar hunturu. Sannan ga wata al'ada da ta zama ruwan dare: da an sayo mota, sai bakanike ya ce a cire tamostat, wai don ƙasar Turawa aka yi shi. Wannan kuskure ne. Aikinsa shi ne ya sa inji ya kai zafin da ya dace da sauri. In babu shi, inji na daɗewa a sanyaye, yana ta zuƙar mai. Haka kuma lodin da ya wuce kima, da tarkacen da muke yawo da su a but, duk mai suke ci.

Bari mu yi ɗan lissafi, a matsayin misali. A ce kana shan lita 20 kullum, ka gyara tuƙinka ka rage lita 2. A kwana 26 na aiki ka tsira da lita 52. In an ƙaddara lita naira 900 ce, ka ga naira 46,800 ke nan a wata. Wannan ai kuɗin makarantar yaro ne.

Akwai kuma wani ɓangare da ya wuce aljihu. Kowace litar fetur da aka ƙona tana fitar da kimanin kilo 2.3 na iskar kabon, ta gas kuwa ta ɗara haka. Wani zai ce, yaya lita ɗaya da ba ta kai kilo ba za ta haifar da kilo biyu? Dalili shi ne man yana haɗuwa da iskar da inji ke shaƙa kafin ya fita ta salansa. Wannan iska ita ke taruwa a sama tana riƙe zafin rana, kuma masana sun nuna ɗumamar duniya na ƙara tsananin zafi da ruwan sama mai ƙarfi. Mu a jihar Neja mun san abin da ruwa ke iya yi: ambaliyar Mokwa ta watan Mayun 2025 ta ci rayuka fiye da 150, ciki har da 'yan'uwanmu da dama. Nijeriya ta yi alkawari a taron Glasgow na 2021 cewa za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da shekarar 2060. Litar nan 52 da muka lissafa, kusan kilo 120 ne na hayaƙi da mutum ɗaya ya hana fita a wata. Da yayyafi kogi kan cika.

Daga ƙarshe, ina roƙon shugabanni su sa iyayen gidan mota su koya wa yaransu waɗannan abubuwa tun suna riƙon ƙofa. Kowa kuma ya sayi ɗan littafi, ya riƙa rubuta litar da ya sha da tafiyar da ya yi har wata guda. A taro mai zuwa mu zo mu gwada, mu ga wanda ƙafarsa ta fi sauƙi.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.