Wasan Igiyar Teku da Rabon Ɗan Arewa



Wani zai ce me ya haɗa mutumin Samaru da teku, alhali tsakaninsa da ita tafiyar yini guda ce a mota? Ina roƙo a ba ni aron kunne, domin maganar za ta faro daga nesa, amma a bakin Kubanni za ta sauka.

A watannin da hunturu ke fasa mana leɓe, wato Disamba zuwa Fabrairu, ƙanƙara ce ke rufe ƙasashen Turai. A lokacin ne samarinsu ke ɗaure kaya su nufi gaɓar Afirka ta yamma, kamar Taghazout a Maroko da Ngor a Dakar, domin wasanni biyu. Na farko shi ne hawan igiyar ruwa. Mutum zai kwanta rubda-ciki a kan wani dogon allo, ya tuƙa da hannuwansa har gudunsa ya yi daidai da na igiyar da ke tafe, sannan ya miƙe tsaye ta sulalo da shi zuwa gaɓa. Dalilin zaɓen wannan lokaci kuwa, guguwar hunturu da ke tashi can arewacin Tekun Atalantika ita ke turo manyan igiyoyi kudu, su yi tafiyar dubban kilomita, su iso inda rana take da ɗumi. Na biyu shi ne tuƙin kayak, wani siririn kwalekwale mai rufaffen sama da filafili mai baki biyu, wanda mutanen Inuwit na ƙasashen ƙanƙara suka ƙirƙira don farauta, suna ɗinka fatar dabbar teku a kan ƙashi ko itace.

Galibi ana ɗauka wannan duk al'adar Turawa ce. Ba haka ba ne. Masanin tarihi Kevin Dawson, a littafinsa kan wannan fanni da ya fito a 2018, ya nuna cewa tun wajen shekarun 1640 wani Bajamushe ya rubuta labarin yaran gaɓar da yau ake kira Gana suna wasa a kan igiya da guntayen alluna. Fim ɗin nan na Amurka, The Endless Summer, na 1966, a Senegal da Gana da Nijeriya aka ɗauki wani sashensa. Yau wasan ya shiga gasar Olamfik, tun wadda aka yi a Tokyo a 2021, kuma yaran Tarkwa Bay a bakin mashigar Ikko suna yinsa.

To, mu dawo gida. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da wani katako. Da masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka tono shi a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda shekarunsa suka kai wajen 8,000. Babu jirgin da aka taɓa samu a Afirka da ya girme shi. Ashe mutanen wannan yanki sun riƙe filafili tun kafin a gina dalar Masar.

Kuma sana'ar ba ta mutu ba. Duk wanda ya je Argungu, ya tsaya a bakin Matan Fada, ya ga abin da Kabawa ke kira kabanci: tseren kwalekwale, da ninƙaya, da nutso, da kamun agwagwar ruwa, da kamun kifi da hannu. Bikin ya samo siffarsa ta yanzu ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, bayan doguwar gaba tsakanin gidajen biyu. A ƙarshen rani na sanyi ake yinsa, sa'ad da ruwa ya ja baya, kusan lokacin da baƙi ke cika Dakar ke nan. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya abin adanawa a 2016. Masuncin da ke kwance a kan gora yana tuƙi da ƙafa, koma a hannu, ni ban ga abin da mai allon Ngor ya fi shi ba, sai dai kyamara.

Abin da ke damuna shi ne mun bar wannan ilmi a hannun Sarkawa da masu fito kaɗai, mu kuwa 'yan boko muna ganin ruwa ba namu ba ne. Yaro zai tashi ana tsorata shi da aljanin ruwa, ya gama jami'a bai iya tsayar da kansa minti ɗaya a saman ruwa ba. Sakamakon yana nan a rubuce. A watan Mayun 2021 jirgi ya kife a Kogin Kwara kusa da Wara, a Jihar Kabi, mutane masu yawa suka salwanta. A ƙarshen Nuwamban wannan shekara kuma wani ya nutse a madatsar Watari ta Bagwai, fiye da mutum 20 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya masu zuwa Mauludi. Lodi fiye da kima da rashin rigar kariya su ne manyan dalilai, gaskiya ne, amma rashin iya iyo shi ke mayar da kifewar jirgi ta zama jana'izar gari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen 300,000 ruwa ya ci a 2021 kaɗai.

Ku da za a tura bautar ƙasa ko aiki Ikko ko Fatakwal, ga abu ɗaya da kowane mai hawan igiya ya sani. Akwai wata siririyar hanya da ruwan da ya bugi gaɓa ke bi ya koma teku da ƙarfi. Wanda ta ja, idan ya yi kokawa da ita ya nufi gaɓa kai tsaye, gajiya za ta kashe shi. Dabara ita ce ya yi iyo a gicciye, yana bin tsawon gaɓar, har ya fita daga cikinta.

Saboda haka ina ba ƙungiyar ɗalibai shawara ta nemi hukumar jami'a ta sa koyon iyo cikin wasannin da ake yi wa sababbin ɗalibai, maza daban mata daban, a tafkin wanka mai magani. Na ce mai magani da gangan, domin ruwan rafi da ya kwanta, irin na Kubanni da Galma, yana iya ɗauke da tsargiya, kuma Kubanni na kwasar dattin Sabon Gari da Tudun Wada. Madatsar jami'a kuwa, tunda ruwan sha ce, ba a wanka ba. Amma idan hukuma ta yarda, kwalekwale marar inji guda 4 da rigunan kariya sun isa a fara. Malaman tuƙi ba sai an ɗauko su daga Turai ba, masuntan Galma suna nan kusa, a biya su ladan koyarwa kamar kowane malami.