Mai Mota da Sifana a Hannu

Yau hirarmu kan mutanen nan ce da ba sa iya barin mota yadda kamfani ya ƙera ta, sai sun taɓa nan sun ƙara can. Ba bakanikai ba ne, sha'awa ce kawai.

Kawuna yana cikinsu. Yana da tsohuwar akori-kura Peugeot 504, Fijo dai, motar da ta fito a Faransa a 1968, daga baya aka daɗe ana haɗa ta a Kaduna. Duk ranar da babu kasuwa, za ka same shi kwance bisa tabarma a ƙarƙashinta, ƙafafu kawai ake gani. Innarmu kan ce ai kishiya aka yi mata.

Abin da ya fara yi shi ne ɗaura faranti na ƙarfe a ƙasan injin, don kada dutse ko kututture ya fasa wurin da baƙin mai yake taruwa. Ya sa aka yi masa waldar keji a baya, ya shimfiɗa katako, don kada tumaki su riƙa zamewa suna karyewa. Ya ƙara fitila saboda fitar asuba. Lokacin hunturu kuwa, duk mako sai ya kwance matatar iska ya kakkaɓe ƙura.

To mene ne ribar? Wata rana muna dawowa daga kasuwar Jibiya, motar ta mutu a daji, magariba ta gabato, ga dabbobi a baya. Ni hankalina ya tashi. Shi ko a jikinsa. Ya buɗe gaba, ya zare tiyon mai ya busa, datti ya fita, ya mayar, muka kama hanya. Ya san inda zai duba ne domin da hannunsa ya sa tiyon. Wanda bai taɓa kwance ko kusa ɗaya a motarsa ba, a dajin zai kwana, da safe kuma ya biya duk abin da aka yanka masa.

Amma ku saurara da kyau, don nan ne ake asarar rai. Da yawa suna ƙara sifirin a baya don motar ta ɗauki buhu fiye da ƙima. Sifirin ya ƙaru, gaskiya ne, amma birkin nan shi ne na da, tayar nan ma ita ce. Motar za ta ɗauka, tsayawa ce za ta gagara. Haka wanda ya ɗaga mota sama, ya kuma jibga kaya a kan rufi: nauyi ya koma sama, kwana ɗaya mai kaifi sai ta kife. Babbar taya kuma tana sa agogon gudu ya yi maka ƙarya, ya nuna ƙasa da abin da kake yi. Na ce wa kawu, "Kawu, ba za ku ƙara sifirin ba?" Ya ce kuɗin sifirin a birki ya zuba su.

Sai batun iyaka. Idan ka canza injin ko launin fenti, je ka a gyara takardun motar kafin ka nufi shinge, domin lamba da launi suna cikin abin da ake dubawa. Ƙarin tankin mai kuwa, ko don tafiyar daji ka yi shi, jami'in kwastan ko na duwan yana iya ɗaukarsa sumoga, kuma bayaninka ba lallai ya fisshe ka ba. Shi ya sa kawu ya haƙura da nasa. Tankin na nan a bayan ɗaki, awaki ke shan ruwa a ciki.